Dajin da Gwaggo Rabi ta raina

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, a ƙauyenmu da ke kusa da Bangi. Bana ne karo na farko da na ji a raina gara da ba ta nan, kada ta ga abin da muke gani.

Ina yarinya, bayan garinmu fako ne, ko akuya ba ta tsayawa. Gwaggo ce ta ja mata suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera don tare ruwa, suka haƙa ramu suka dasa bagaruwa da magarya. Da itatuwa suka tashi aka kafa komite, manoma da Fulani da Buzaye, kowa da bakinsa. Mata suka riƙa kai magarya kasuwa, makiyaya suka samu abin kiwo a bazara. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, haka muke a lokacin.

Yau dajin ya cika har ya zama maɓoyar masu bindiga. Bayan kakar bara, ni da maƙwabciyata Hajo muna tsintar magarya sai muka ji ƙarar moto, wato babur. Muka faɗa cikin ƙaya, fuska a ƙasa. Hajo ta damƙe hannuna ta raɗa mini, "Don Allah kak ki yi tari." Ƙafafunsu kawai na gani, suna kora shanun sata. Har yanzu ko moton ɗana ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa na ga ko wane ne.

Tun ranar babu macen da ta sake shiga. Makiyayan da ke cikin komite an kwashe musu dabbobi, sun tashi, ga shi wasu na binsu da zargin haɗa baki da ɓarayin. Samari kuwa sun ce a sare dajin duka, a huta. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da Gwaggo na nan, me za ta ce? Na san dai ba za ta yi shiru ba.

Ranar Juma'a za a zauna a ƙofar mai gari a yanke shawara. Mata sun ce ni zan yi magana da yawunsu, wai ni jininta ce. Wurin zamanta na gada, ban gaji zuciyarta ba. Amma zan je in ce a bar itatuwan nan, ba su suka saci saniyar kowa ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya kawo mana sauƙi.