Ranar da Cokali Ya Gyara Kufai

Taubashina magini ne, ɗan ƙanwar babana. Cokali muke ce masa, don cokalin gininsa ba ya barin aljihunsa, ina jin da shi aka haife shi. Idonsa ba ya iya ganin tsaga a bango ya ƙyale. Ka gayyace shi cin abinci, kafin a zuba miya ya toshe maka ramin ɓera, ya daidaita dokin ƙofa, ya zagi wanda ya yi ginin har kakansa. Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, autarsa da ta yi karatun tarihi.

Auta ta samu aiki a wani wuri a bakin kogi inda aka tono kufan tsohon gari. Mutane na zuwa su hau tudu, su kafa tanti su kwana, ita kuma ta zagaya da su tana bayani. Tana cikin watannin gwaji ta gayyace mu. Ni shan iska ya kai ni, shi kuwa ya je ganin 'yarsa cikin rigar aiki.

Ta tsayar da mu gaban wata katangar dutse da ta zube, an kewaye ta da igiya. Cokali ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya.

"Auta, wa ke da aikin nan?"

"Baba, masu shi sun daɗe da mutuwa."

"Shi ya sa."

Na ce, "Sun dai fi ka, nasu ya kawo yau."

Ya ce, "Ji mai magana, wanda ko akurki bai iya ba."

Da gari ya waye na leƙa tantinsa, wayam. Na same shi ya tsallake igiya, ya kwaɓa lakar bakin kogi, ya tsince duwatsun da ke warwatse, ya tayar da katangar har ƙirji, ya shafe ta sumul. 'Yan tutocin da masu bincike suka kafa a gindin kowane dutse ya tara su gefe, wai kada su ɓaci. Sai murmushi yake. So yake shugabar wurin ta san daga gidan da Auta ta fito.

Kafin in buɗe baki sai ga Auta da ayarin ɗalibai, shugabar na biye da su. Matar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Taimako ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce inda kowane dutse ya faɗi shi suke nazari, da shi za su gane ko ruwa ne ya ci garin ko yaƙi, kuma ba su gama aunawa ba. Sannan ta tambaya, "Baƙon wa ne?"

Auta ta dubi ƙasa. "Mahaifina ne."

Ni kuwa sai na zame jiki. Na koma bayan wata bishiya kamar ban san su ba. Cokali ya tsuguna, laka har gwiwar hannu, ya ce, "Ki yi min duk abin da za ki yi, amma yarinya ba ruwanta."

Aka sa shi ya sauke ginin da hannunsa, ana ɗaukar hoton kowane dutse, ɗalibai na kallo. Gumin da ya zuba sai da kogi ya ƙaru. Ya yi ta ƙoƙarin tuna inda ya ɗauko wannan da wancan, ya kasa.

Ba a kori Auta ba, amma an ɗauke ta daga zagaya baƙi, an mayar da ita bakin ƙofa tana yanka tikiti. Da ta rako mu tasha ya kasa haɗa ido da ita.

Ta ce, "Baba, yau ba ka ci komai ba."

Ya ce, "Na ƙoshi, uwata," ya shige mota ya zauna can baya.