Tarihin Usta Nazmi, Wanda Ya Sake wa Tara-da-Rabi Bututu

Abin da zan faɗa a nan ni na fara ganinsa kafin kowa, da idanun nan nawa da har yau ba su san tabarau ba. Ni ne Husnu ɗan Sabri, shekarata tamanin da tara. Ban taɓa zama a aji ba, a barikin soja na koyi baƙi, amma na binne duk masu karatun da suka yi mini dariya.

Haihuwa da asali

An haifi Nazmi a shekarar 1934, a ƙauyenmu Kayadibi da ke cikin duwatsun Artvin a ƙasar Turkiyya, mahaifinsa Usta Rifat maƙerin bindiga, mahaifiyarsa Kadriye. Usta shi ne abin da muke kiran gwanin sana'a. Na girme shi da shekara ɗaya, na kuma fi shi tsawo har ya bar duniya. Ya yi shekara uku a makarantar ƙauye, sannan ya koma gindin maƙera.

Shekarar da bututu ya fashe

Mahaifina yana da bindiga mai sakata wadda ya gada tun zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, mai cin harsashin dalma da baƙin albarushi, wadda muke kira tara-da-rabi saboda faɗin bakinta milimita tara da rabi ne. An daina yin harsashin tun kafin a haife mu, saboda haka da hannunsa yake sake cika kwanson da ya harba, ya yi masa tsaga da zarto a gindi don ya gane nasa. Da bututun ya cinye, Usta Rifat ya ƙera masa sabo. A kakar 1946, mahaifina yana korar aladun daji daga gonar masara, bututun ya tarwatse ya tafi da idonsa na dama.

Daga ranar babu wanda ya sake kai wa Usta Rifat ko ƙusar bindiga. Ya rasu a 1949, ana kiran gidansa gidan masu fasa bututu.

Neman sana'a

A 1950 Nazmi ya tafi birnin Trabzon, inda ya yi shekara huɗu a ƙarƙashin wani maƙerin bindiga, sannan ya yi aikin soja a ɗakin gyaran makamai. Ya dawo gida a 1957 da ilimin da babu mai irinsa a kwarinmu, amma shekara huɗu cur ba abin da ake kawo masa sai fartanya da murhu da butar shayi. Mahaifina ya rasu a 1958 bai yafe wa gidan ba. Nazmi yana son ƙanwata Zekiye, ita ma tana sonsa, amma mahaifiyarmu ta rantse ba za ta haɗa jini da waɗanda suka cire wa mijinta ido ba.

Aikin tara-da-rabi

A bazarar 1961 na ɗauki gawar bindigar da gwangwanin harsasan mahaifina, na ajiye a gaban Nazmi.

"Usta mai gyaran buta," na ce, "ga aikin maza in za ka iya."

Ya juya ta ya ce, "Husnu, kanka ɗaya kuwa? Kawo in sa mata bututun harsashin zamani, wanda za ka samu a kowane shago."

"Abin da ta ci a hannun kakana shi za ta ci. In ka sake mata abinci, cewa za a yi ka gudu."

"Kai ko baƙin gashinka na taurin kai ne."

Ya duba sakatar da kyau, ya ga ba ta tsage ba. Ya samo sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun babbar mota, ya yi kwana goma sha ɗaya yana huda ta, sannan ya shiga yanka murɗaɗɗiyar tsagar ciki da hannu, ja ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo sassaƙa mazaunin harsashi, babu wani ma'auni na tara-da-rabi da ya rage a duniyarmu, dole ya zare dalmar harsashi ɗaya ya auna. Ya zazzage albarushin a kan farar takarda. Ni ne a tsaye ta wajen haske, ni na fara gani. Ba baƙin albarushi ba ne. Ƙananan ɓarɓashi ne masu sheƙi, irin na harsashin soja, wanda ƙarfinsa ya ninka na baƙi, an kuma cika kwanson da shi har wuya.

Muka buɗe goma sha huɗu masu tsagar zarto, duk haka suke. Na asali kuwa marasa tsaga, masu hatimin Usmaniyya, lafiya lau. A shekarun yaƙi baƙin albarushi ya yi wuya, ashe mahaifina ya samo na soja, ya auna shi da ƙahon da ya saba aunawa da shi. Bututun Usta Rifat ba shi da laifi. Ko a Istanbul aka ƙera shi sai ya fashe.

Na ce, "Tashi mu je gidan shayi, ni zan faɗa da bakina."

Ya share takardar cikin murhu. "Zauna, dogon banza. Babana ya riga ya sha zagin, ya tafi da abinsa. In ka faɗa, tsohuwarka ce za ta fara shan sabon zagi, da Zekiye. Kana so in aure ta tana sunkuyar da kai?"

"To sunan Usta Rifat fa?"

"Bari bututu ya yi magana. Kai kuma ka rantse, sai bayan raina."

Na rantse. Amma uku daga masu tsagar suna aljihuna, bai gani ba.

Al'adarmu ita ce a ɗaure sabon bututu a jikin bishiya, a ja kunamar da igiya daga bayan dutse. Ranar Juma'a bayan an sauko, Nazmi ya ɗaure bindigar a bishiyar tuffa ta bakin masallaci, da harsasan da ya cika da baƙin albarushi, gari duk ya ɓuya a bayan katanga. Na je na kwance igiyar.

Wani dattijo ya ɗaga murya, "Ɗan Sabri, gidanku idanu sun yi muku yawa ne?"

Na ce, "Baffa, matso ka ga yadda ake yi."

Na ɗora kumatuna a kan ƙotar, idona na dama daidai inda na mahaifina yake, na harba sau biyar. Hayaƙi ya rufe ni. Da ya washe, ga ni a tsaye, ga ramuka biyar a jikin allon da na auna, tafin hannu ɗaya ya rufe su. Babu wani namiji a Artvin da zai yi abin da na yi, amma gaskiya ni na san abin da ke cikin kwanson.

Aure da zuri'a

Mahaifiyarmu ta yi kaffarar rantsuwarta, aka ɗaura auren Nazmi da Zekiye a kakar 1962. Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyu suka rasu suna ƙanana. Daga wannan shekara har zuwa 1998 da hannunsa ya soma rawa, mafarauta daga kwari bakwai suna kawo masa aiki. Mutane suka riƙa cewa ɗa ya fi uba, shi kuma ya ci gaba da goga ƙarfe.

Rasuwa

Zekiye ta rasu a 2011 ba ta sani ba. Usta Nazmi ya rasu ranar Talata, 12 ga Maris 2019, yana da shekara tamanin da biyar, aka binne shi bayan azahar kusa da mahaifinsa, kamar yadda ya yi wasiyya. Ya bar 'ya'ya huɗu, Rifat, da Nejati, da Sabriye, da Gulten, da jikoki goma sha uku. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Usta Rifat wanda muka zalunta, ya yafe wa mahaifina, don bai sani ba.

Rantsuwata ta sauka. Bindigar tana rataye a ɗakina, harsasan nan uku masu tsaga suna cikin gwangwani. Duk wanda ya ce tsufa ne ke sa ni surutu, ya hau dutse ya same ni a Kayadibi. Zan ba shi shayi, in ba shi ɗaya ya sa a tasa bindigar, ba a ta Nazmi ba. Igiya kuma ba zan ba shi ba.