Kawu Mai Kujera da Benen Teloli

Kawuna, yayan ummata, direban bas ne a cikin birni tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Da bayansa ya fara ciwo sai ya ajiye babbar mota, ya sayi ƙarama mai ƙofar ja, ya sa kafinta ya yi masa ɗan abin takawa na katako. Sana'ar da ya kama ita ce yawo da tsofaffi su ga gari, irin iyayen da suka zo wurin 'ya'yansu, 'ya'yan kuma suka fita aiki suka bar su da talabijin. A bayan motar kullum akwai laima, da gorar ruwa, da kujera mai naɗewa. Daga nan sunan ya bi shi, har mu a gida Kawu Mai Kujera muke ce masa.

Yadda yake aikinsa ya sha bamban da na sauran direbobi. Ba ya kai tsoho wurin da bai taka da ƙafarsa ba. Idan ya je dubawa, ba kyan wurin ne ya dame shi ba. Ina inuwa? Ina banɗaki? Ƙofar tana da tudu? Ya san ƙofar baya ta lambun gari wadda ba ta da matakala, ya san gefen gada inda mota za ta tsaya mutum ya ga ruwa ba tare da ya sauka ba. Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa. Kafin ya tayar da mota sai ya juyo ya tambayi fasinja, "Baba, wane wuri ne idan ba ka gan shi ba za ka koma gida da shi a zuciya?" Duk inda aka ce, can za a fara. Yakan ce ƙafar tsoho kamar batirin tsohuwar waya ce, da safe a cike take, kafin azahar ta yi ja.

Sau ɗaya na san ya karya dokar nan. Ban je ba ranar, ina wurin aiki. Umma ce ta ba ni labarin, daga baya Kawu ya cike mini abin da ta tsallake.

Babbar yayarsu, wadda muke kira Inna Babba, ita ta raini Kawu, don tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce. Kafin aure ya kai ta gari mai nisa, ta yi aiki a wani shagon ɗinki da ke saman bene a tsohuwar unguwa, ita da 'yan mata sa'anninta, kowa da kekenta. Teburinta yana jikin taga mai kallon layin dogo. Duk hirar da za a yi da ita a waya, ko ta farashin magani ce, sai ta zagayo ta faɗa kan benen nan: yadda suke rige-rigen hawa, yadda sukan tsayar da keke idan jirgi zai wuce. Tun da ta tafi ba ta sake taka wurin ba. Zuwan da take yi na biki ne ko na gaisuwa, a shiga gida a fito sai tasha.

Bara gwiwoyinta suka matsa mata, likita ya ce doguwar tafiya ta kusa fin ƙarfinta. Sai ta ce to a bar ta ta yi ta ƙarshe, ta zo ta hau benen nan ta zauna a bakin tagarta.

Kawu ya je ya duba. Ginin yana nan, har yanzu teloli ne a ciki. Amma matakalar matsattsiya ce, a miƙe take, tana da kwana a tsakiya, abin riƙewa kuma gefe ɗaya ne kawai. Ya hau ya sauka, ya sake hawa yana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, har yaran shagon suna dariya. Ya ga cewa da sassafe, idan ya kafa mata kujera a kan kwanar ta huta, za ta iya. Ya yi magana da mai shagon, wani dattijon tela, ya ce su zo da hantsi, za a share hanya.

Da ta iso, washegari da safe aka ɗora Inna Babba a mota, Umma a gefenta. Kawu ya ce, "Yaya, bene za mu fara."

"A'a. Shi ne ƙarshe."

"Yaya, ƙafarki yanzu take da ƙarfi. In rana ta yi…"

"Kai, Direba, ni za ka tsara wa? Ni da na goya ka kana yi mini fitsari a baya? Wa ya taɓa fara cinye nama ya bar tsurar abinci?"

Umma ta ce, "Shi mana. Tun yana yaro haka yake yi, sannan ya zuba wa na mutane ido."

Suka yi dariya su biyu. Kawu bai yi ba. Da baƙo ne, ya ce mini, da ya san yadda zai lallaɓa shi, ko ya ce hanyar can a rufe take. Amma yaya za ka yi da matar da ta koya maka ɗaura wando? Ya tayar da mota ya nufi gada.

A gada ba ta yarda ta kalli ruwa ta gilashi ba, sai da ta sauka ta dafa ƙarfe. A lambu ya kafa mata kujera a inuwa, ta ce zama ai ta yi shi a gida, ta bi layin furanni tana tambayar sunayensu. A tsohuwar tashar jirgi ta nemi wurin da ake sayar da tikiti a da, aka ce ya koma ofis, ta ce a nuna mata ƙofar ko a rufe. Kawu yana biye da ita da kujera a hammata, idonsa a kan idon sawunta, yana ganin yadda takalmin ya fara shiga cikin kumburi.

Da suka zauna cin abincin rana ya sake gwadawa. "Yaya, daga nan ba nisa. Mu je yanzu."

"Ban ga kasuwar yadi ba."

"Kasuwa tana nan gobe."

"Bene ma yana nan." Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Can ta ce a hankali, "Ban shirya ba, ɗan'uwana. Ka bar ni tukuna."

Umma ta ce a nan ta gane ba taurin kai ba ne. Duk shekarun nan benen yana cikin kanta yadda ta bar shi, da ƙawayenta a ciki, waɗanda yawancinsu yanzu ba su da rai. Umma ta taka ƙafar Kawu ta ƙarƙashin tebur, ya bar maganar.

Sai bayan la'asar suka isa. Dattijon telan ya sauko ya tare su, ya ce tun safe suke zuba ido. Ya sa aka kashe kekuna don girmamawa. Inna Babba ta tsaya a gindin matakalar ta ɗaga kai. Ta ce, "Ikon Allah, an ƙara mata tsawo ne?"

Ta kama ƙarfen da hannu biyu, Kawu ya tallafe ta ta baya. Ta taka ta farko. Ta ɗaga ƙafa za ta taka ta gaba, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ta huta, ta sake. Zufa ta karyo mata. Kawu ya buɗe kujera a ƙasa, ya zaunar da ita.

Mai shagon ya ce, "Mama, ga samari nan, su ɗauke ki da kujerar."

Kawu ya girgiza kai, don ya riga ya auna, kujera da mutum ba za su juya a kwanar ba. Ita ma ta ce, "Da ƙafata na sauko daga benen nan, ba za a mayar da ni kamar buhu ba. Na gode, ɗana."

Umma ta fara share ido. Sai Inna Babba ta zunguri Kawu da sandarta. "Kai, hau. Taga ta ƙarshe, hannun hagu."

Ya hau, da ciwon bayansa. Ta ɗaga murya, "Ka kai?"

"Na kai, Yaya!"

"Me ka gani?"

Kawu ya ce mini ya duba bai ga layin dogo ba. An yi wani dogon gini a gaban tagar. Ya so ya ce ga layin dogo nan shimfiɗe, amma bai taɓa iya yi mata ƙarya ba. Ya leƙo ta saman matakala ya ce, "Bango ne, Yaya. Sai in mutum ya leƙa ta gefe sosai yake hango ɗan layin."

"To ai da ma sai an leƙa, sakarai! Ɗora gwiwa a kan teburin!"

Aka ji teloli sun fashe da dariya a sama, don ya ɗora ɗin.

"Wa ke zaune a wurin?"

"Wata yarinya ce, tana ɗinka rigar makaranta."

"Ka gaishe ta. Kuma ka ce su kunna kekunansu, wa ya mutu?"

Aka kunna. Ƙarar ta gangaro ta matakala ta cika ɗan lungun da take zaune. Ta karkata kai tana saurare, sannan ta ce wa Umma, "Na lantarki ne. Namu ba haka suke kuka ba." Amma ba ta ce a tashi ba. Suna nan har teloli suka fara saukowa za su tafi gida, kowa ya zo wucewa sai ya rusuna ya gaishe ta. Yarinyar tagar ce ta sauko a ƙarshe, Inna Babba ta riƙe hannunta tana duba yatsunta.

Washegari ƙafar ta kumbura har ba ta shiga takalmi, kuma kumburin bai sace ba har ranar komawarta. Kawu ya kai ta tasha da kansa. Har yau idan maganar ta taso yakan ce da ya dage, ko da za ta yi fushi da shi. Ita kuwa ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Tana nan da ranta a can garinsu, daga ɗaki sai tsakar gida. Idan ta kira shi, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ka bi ta wajen kuwa? Tagar a buɗe take?" Shi ya sa ko ina zai kai fasinjojinsa yakan ratsa ta tsohuwar unguwa, ya rage gudu a gaban benen, ya ɗaga kai, don ya san abin da zai faɗa mata.