Yayen Shafa'atu a Gidan Mai Liƙin Roba

Shekara talatin da 'yan kai Dabo yana zaune a zauren gidansa da ke bayan kasuwar Illela, gabansa kaskon gawayi, da dakusassun wuƙaƙe uku a soke cikin garwashi. Jarkar da ta huje, bahon da ya tsage, butar da hancinta ya cire, duk wurinsa ake kawowa. Sai ya zaro wuƙar da ta yi ja, ya yanko guntun tsohuwar roba, ya narka ta a kan tsagar ya shafe, hayaƙi na tashi baƙi ƙirin. Garin iyaka ne, jarka ta kusa fin mutane yawa, don haka bai taɓa rasa aiki ba. Har daga Ƙonni ake tsallako masa da su.

Amma abin da aka fi saninsa da shi zargi ne. Idan ka gaishe shi da fara'a, sai ya yi ta tunanin abin da kake nema. Idan ka ba shi goro, sai ya jujjuya shi a rana ko an huda. Bai taɓa cin abincin kasuwa ba. Mahaifinsa gyartai ne, mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, a Kalmalo, abu ɗaya kuma ya gada daga gare shi: ba a yar da mazubi. Saboda haka duk robar da mai ita ya manta, cikin gida take shiga. Ita ake jiƙa gero a ciki, ita ake zuba tuwo da zafinsa. Abin liƙin kuwa, ko jarkar maganin feshi ce ko tsohon silifas, in dai zai narke ya kama, shi ke nan. Mutumin da ke tuhumar goro bai taɓa tuhumar roba ba.

'Yarsa Latifa tana aure a Gidan Katta. Da 'yarta Shafa'atu ta isa yaye, aka kawo ta wurin kakarta Umma, matar Dabo, kamar yadda aka saba. Mako biyu aka ce, sai Latifa ta kwanta da laulayin sabon ciki, zaman ya koma watanni. Dabo kuwa ya mutu a kan yarinyar nan. Amarya yake kiranta. Ya nemo wani jan kofi ya liƙe shi da hannunsa, a ciki ake zuba mata koko yana turiri. Wuni take a zaure jikin gwiwarsa, yana aiki tana masa gwaranci. Tsohon da ba a san haƙoransa ba sai ga shi yana dariya har da buga cinya.

Sai ciwo ya fara. Mura ta zo ta ƙi tafiya, tari ya biyo baya, ƙuraje suka feso mata a wuya. Ɗan ƙwarzanen da yaro zai yi ya warke a kwana uku, nata sai ya yi ruwa. Aka mai da ita wurin uwarta mako guda, ta fara murmurewa. Aka dawo da ita, ta sake kwantawa. Sau uku ana haka, mutanen Gidan Katta suka fara magana ƙasa-ƙasa a kan gidan Dabo.

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, tsoron a ɗauke yarinyar kuma ya fi ciwon yawa. Ya tashi neman mai laifi. Ya sallami mai garuwarsu. Ya hana maƙwabciyar da ta taɓa cewa yarinya ta yi ƙiba ba tare da ta ce tubarkalla ba shiga gidan. Ya daina sayen geron da aka tsallako da shi. Har Umma sai da ya tsare da tambaya.

"Wa ad da hannu cikin kokon ga bayan ke?"

"Malam, ni kaka tuhuma yanzu? Jikata ta!"

Lukmanu, uban yarinyar, shi ya dage aka je asibiti. Dabo ya bi su, ba don ya yarda ba, sai don kada a ƙulla wani abu a bayansa. Ma'aikaciyar da ta duba Shafa'atu, Malama Zuwaira, ta rubuta magani, sannan ta yi ta tambaya: ina yarinyar ke wuni, a me take ci, mece ce sana'ar mai gida. Da ta ji amsa sai ta ajiye biro.

"Baba, akwai sinadarai cikin roba da ka hita in ta ji zahi, su shiga abinci, su shiga hayaƙi. Wasunsu suna kama da abin da jiki ka yi da kainai don aika saƙo tsakanin gaɓoɓi, sai su rikita mai lissahi. Masu bincike na ganin har garkuwar jiki suna iya raunanawa, balle ga ƙaramin yaro."

"Mi? Wa yat turo ki ki hwaɗi haka?"

"Babu wanda yat turo ni, Baba. Kuma ban ce lalle shi na ba, ba ni da na'urar da za ta nuna. Amma hayaƙin ga dai ba shi da kyau ga ƙirjinta. A raba ta da shi, a ba ta abinci cikin kwanon ƙarhe, mu gani."

Dabo ya dubi Lukmanu, ya dubi Malama, ya ga kamar sun haɗa ido. Kafin su isa gida ya gama harhaɗa labarin a ransa: masu sayar da sabuwar roba ne ke son kashe masa sana'a, surukinsa kuma dama neman dalili yake. Shekara talatin yana shaƙar hayaƙin nan, ga shi garau. Tarin da yake yi kowace safiya bai sa shi a lissafi ba, wannan ai tsufa ne.

Sai dai mai zargi ba ya iya barin magana ta kwana lafiya, ko da ta maƙiyinsa ce. Kwana biyu bayan haka, da Umma ta fita barka, ya tafasa ruwa ya zuba rabi a jan kofin, rabi a kwanon sha na ƙarfe. Ya jira suka huce. Ya kurɓi na kwano, ruwa ne kawai. Ya kurɓi na kofi, ya ji wani ɗan ɗaci mai maiƙo ya kwanta masa a harshe. Ya san ɗanɗanon nan sarai. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka haka koko yake.

Ya daɗe a tsugune. Ya sake bin mutanen da ya tuhuma ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ɗauke masa nauyin, babu wanda ya rage. Bai gaya wa kowa ba. Ya dai ƙudura ranar kasuwa zai sayo kwanoni, ya fitar da kaskon zuwa gindin bishiyar dogon yaro.

Bai kai ranar kasuwar ba. Washegari da hantsi Lukmanu ya tsaya da babur a ƙofar zaure, ƙanwarsa a baya don ta riƙe yarinyar. Ya durƙusa ya gai da Dabo, idonsa a ƙasa.

"Baba, uwatta na son ganinta."

Kowa ya san ba gani ba ne. Umma ta fito da Shafa'atu da ƙullin kayanta, tana share hawaye da bakin mayafi. Yarinyar na hango kakanta ta miƙa hannuwa biyu, tana zillo a ɗauke ta. Dabo ya miƙa nasa, sai ya gan su: baƙi ƙirin, narkakkiyar roba ta cika ƙarƙashin farce. Ya janye su da sauri ya ɓoye a bayansa.

"Tsaya, Amarya, in wanke hannu."

Ya shige cikin gida. Ya sa sabulu, bai fita ba. Ya sa toka, ya sa yashi, yana dirza har fata ta yi ja. A waje kuwa Lukmanu ya jira, ya jira, ya ɗauka fushi ne ya sa tsohon ya ƙi sallamarsu, kunya kuma ba ta bari ya leƙa ba. Dabo na tsaka da kankare farcen ƙarshe ya ji tashin babur.

Ya fito da gudu, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Sun riga sun sha kwana.