Zanen Sayin da Fitsarin Takarkari

Ranar wata Laraba a ƙarshen daminar 1961, gero ya nuna ana shirin yanka, Malam Sambo ya shigo mana aji bakwai sanye da kwat a kan kaftani, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa. A bayansa akwai baƙo, wani babban malami da aka turo daga Sakkwato ya duba makarantun ƙasar Tambuwal, an ɗauko masa kujerar hedimasta an girke a gaban aji. Malam Sambo ya ɗaure dutse da zare ya rataye a ƙusar saman allo, ya ja shi gefe ya sake, dutsen ya kama lilo. Sannan ya ɗauki alli ya ja layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ya jera sifili, casa'in, ɗari da tamanin, ɗari biyu da saba'in, ɗari uku da sittin. Ya zana wani layi mai lanƙwasa wanda ya tashi daga sifili ya hau tudu, ya gangaro, ya nutse ƙarƙashin layin kwance, ya sake tasowa. Ya juyo yana kakkaɓe hannu kamar wanda ya haƙa rijiya shi kaɗai.

Wannan darasi ba namu ba ne, na manyan kwaleji ne, mu ko raba dogon lissafi bai gama zama mana ba. Amma Malam Sambo ya je wani kwas na 'yan watanni ya dawo da littafi marar bango da kalmomi biyu na lissafin Turawa, sayin da kosayin, sunayen irin wannan zane, kuma tun daga ranar ya daina ganin kowa da gashi a garin. Mako uku ya yi yana shirya mu domin wannan baƙo. Kullum da safe sai mu miƙe mu rera masa cewa sayin yana farawa daga sifili, kosayin yana farawa daga ɗaya, a casa'in su yi musanyar wuri. Mu kuwa abin da kunnenmu ya ji shi bakinmu ya mayar, muka riƙa rera "sayen ƙosai, sayen ƙosai" da iyakar ƙarfinmu, shi kuma yana gyaɗa kai yana jin daɗin lafazinmu. In ka haɗa ɗigogin da rula, tudun ya fito da tsini, sai ka sha bulala uku, amma bai taɓa gaya mana dalilin da ya sa dole kan tudun ya zama mai santsi ba. Dutsen nan mai lilo ma cewa kawai yake yi da shi da zanen abu ɗaya ne, haka littafi ya ce. Bai san ta ina suka haɗu ba, kuma ni na lura bai sani ba, domin duk wanda ya tambaya sai a aike shi sharar fili. Da wannan ne kaɗai da sauƙi. Abin da ya sa muke haɗiye dariya shi ne a aljihun kwat ɗin nan takardar sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga kwaleji take. Sunana yana ciki, kuma shekaruna sun kai inda in na rasa wannan karon babu wani.

Gidanmu yana bakin gari ta hanyar Jabo, gidan noma da kiwo tun kakanni. Kafin in tafi makaranta sai na kwashe kashin shanu daga turke na kai juji, na ba maruƙa dusa, na ɗebo wa Inna ruwa tulu biyu. In an tashi kuma gona ce, ko yankan harawa, ko korar tsuntsu daga dawa da gwangwani da tsakuwa. Babana bai taɓa riƙe fensir ba. Da mai unguwa ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya, ni ya bayar yana ɓata rai, amma da ya ga ina karanta masa takardar allurar shanu sai ya fara kirana "malamin gida" a gaban mutane. Yana da wani jan takarkari da ya sayo daga Kebbe, mai faɗin baya da sanyin hali, muna ce masa Ja. Shi ke kai mana gero kasuwar Jabo da ta Dogon Daji, Baba a gaba da igiya, ni a baya da tsumagiya. Wanda ya yi shekaru yana bin bayan takarkari ya san abin da zan faɗa. Sa ba ya tsayawa don fitsari in yana kan tafiya. Tuntun gashin da ke ƙarƙashin cikinsa yana lilo hagu da dama, shi kuma yana ci gaba, sai ruwan ya bar layi mai lanƙwasa a kan rairayi. In ya yi sauri lanƙwasar ta miƙe ta yi tsawo, in ya yi nawa ta tattaru kusa da juna. Ba ta taɓa yin tsini, domin tuntun yakan sassauta in ya kai gefe kafin ya juyo, a tsakiya ne yake wucewa da gudu. Mu yara har langa muke yi a kan layin, wanda ƙafarsa ta kauce ya faɗi.

Ranar Larabar nan, muna gama rera sayen ƙosanmu, baƙon ya ciro goro daga bakinsa ya yi tambaya ɗaya, irin wadda ake yi don kada a ce mutum ya yi barci: "Wa yat taɓa ganin irin wanga zane wani wuri?" Ni idona yana kan dutsen da ke lilo, a gefensa ga zanen, sai kawai abin ya faɗo mini gaba ɗaya: dutsen shi ne tuntun, abin da ya rage kawai a ja ƙasa a ƙarƙashinsa. Daɗi ya rufe ni har na manta a gaban wa nake. Na ɗaga hannu na miƙe na ce, "Ranka shi daɗe, fitsarin sa na. In shina tahiya, haka shika yi bisa hanya." Ajin ya fashe da dariya har 'yan aji shida suka leƙo ta taga. Baƙon ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, bai ce in ƙarasa bayani ba, domin shi ma iyakar saninsa ke nan. Malam Sambo kuwa fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Shi abin da ya ji shi ne ɗan mai shanu ya kira iliminsa fitsari a gaban babban mutum.

Motar baƙo ba ta gama fita gari ba na sha bulala goma sha biyu. Wannan bai dame ni ba, mun saba. Sai Malam Sambo ya ciro takardar daga aljihu, ya kira sunana da ƙarfi, ya ja masa layi da jan biro, a miƙe sarai, da rula. Na je wurin hedimasta ina kuka, dattijo mai tsoron rigima kamar kaza da ruwan sama. Ya saurare ni ya ce, "Kai ma da bawali kac ce, da abin ya zo da sauƙi." Wato a wurinsa laifin duk na kalma ne. Babu wanda ya tambaya ko gaskiya na faɗa.

Da yamma Baba yana gyaran igiya na ba shi labari. Bai ɗago kai ba ya ce, "Abin da kag gani shi kaf faɗi?" Na ce shi ne. Ya ce, "To, gobe mu kai musu su gani." Da asuba ya jiƙa wa Ja kanwa ya ba shi, ya kai shi rijiya ya sha har cikinsa ya yi tulu, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali Alhamis ce, ya ja shi har filin makaranta daidai lokacin hutun ƙarfe tara. Ya fara leƙa tagar ajinmu, domin Malam Sambo ya hana a goge zanen, ya dube shi tsawon lokaci yana bin tudun da gangaren da yatsa a iska. Sannan ya gai da malamai da ladabi ya kama jan takarkari daga wannan bakin fili zuwa wancan. Yara suka bar wasa suka yi layi, malamai suka fito baranda. Sau bakwai na ƙirga yana kai da komo cikin rana, mutumin da ko a kasuwa ba ya son a kalle shi. Ja bai yi komai ba. Da aka kai gindin itacen dogon yaro sai ya turje ya tsaya cak, ya saki ruwa a wuri ɗaya, ya tara kududdufi. Malam Sambo ya taka har wurin, hannu a aljihun kwat, ya ce wa babana, wanda ya haife shi a shekaru, "Ga zanen ɗanka nan, sai ku kwashe ku tahi da shi." Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a wannan lokaci ba, kuma shekaru ba su rage komai ba.

Baba ya juya takarkarinsa, ni ma na bi su, ban ko koma aji ɗaukar jakata ba. Mun wuce masaƙa, mun wuce gonar rogo. Sai da muka hau rairayin hanyar gida, inda babu kowa sai mu, Ja ya ƙarasa abin da ya rage masa yana tafiya. Layin ya kwanta a kan yashi, tudu da gangare, tudu da gangare, ya fi na allo kyau nesa ba kusa ba. Na kira Baba. Ya dawo baya ya tsuguna da rigarsa ta Juma'a, ya bi layin da yatsa kamar yadda ya bi na taga, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ummaru, ba ka yi ƙarya ba. Shi na, har da gangaren." Kafin mu miƙe rana ta fara shanye shi.

Ba a mayar da sunana ba. Na gama aji bakwai, na shiga aikin allurar dabbobi, na ƙare rayuwar aikina tsakanin rugagen Kebbe da Sanyinna, ban ƙara shiga ajin lissafi ba. Kwanan baya jikata da ke sakandare ta nuna mini zanen nan a waya, ta taɓa gilashi ya fito da kansa, ja da shuɗi, sayin da kosayin suna bin juna. Ta iya sunayensu daidai, ba ta ce ƙosai ba, amma da na tambaye ta me ya sa kan tudun ba shi da tsini sai ta ce haka wayar ta zana. Na so in kama hannunta in kai ta hanyar Jabo, sai na tuna babura ne kawai ke bin ta yanzu, takarkarin ƙarshe a unguwarmu ya daɗe da shiga tukunya. Masu kwat sun ƙaru, allo ya koma gilashi. A cikin duk manyan da suka ji maganata a wancan mako, wanda bai san sifili ba shi kaɗai ya tsuguna ya duba.