Gwangwanin Inna da Sunan Baba a Allon Banki

Ko zan manta da komai na zamana a Potiskum, ba zan manta da shekarar da banki ya liƙa sunan mahaifina cikin jerin waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya ba. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina sabuwar malamar firamare a unguwar Hausari, ina ji da kaina, gani nake duk gidanmu ni kaɗai ce idona ya buɗe.

Baba fatoma ne a kasuwar shanu. Fulani kan sauka a gidanmu da dabbobinsu, ya sayar musu, su koma ruga, sai bayan mako biyu ko wata guda su dawo karɓar kuɗinsu. Ba takarda, ba sa hannu. Duk jarinsa shi ne an san ba ya cin amana. Sau ɗaya ya taɓa cin bashin banki, don ya loda shanu zuwa Kudu, kuma ya biya kafin shekara ta zagayo. Ranar biyan ƙarshe ya shiga ofishin manaja, ya miƙa masa hannu ya ce, "To, mun rabu lafiya, Allah ya sa albarka." A kasuwa da an yi haka magana ta ƙare. Bai san cewa a banki sai an rubuta takardar rufe asusu ba.

Shekara uku asusun yana buɗe, ana ɗora masa caji wata-wata, cajin yana jawo kuɗin ruwa, har abin ya zama bashi mai kauri. An yi wa wancan manajan canji, sabon da ya zo bai san Baba ba. Wani dillali ne ya ga sunan a allo, kafin la'asar labari ya game kasuwa. A makon nan wani Arɗo da yake sauka a gidanmu tun kafin a haife ni ya wuce ƙofarmu da shanunsa, ya sauka a wani gidan. Baba yana zaure yana kallo. Daga ranar tuwonsa yake dawowa cikin gida yadda aka kai shi.

Na ɗauki mayafina na tafi bankin da fushina da Turancina. Akantan bankin wani ɗan Kudu ne da ya daɗe a garin, ya bar ni na gama zuba, sannan ya amsa mini da Hausa. "Malama, ni ma na san Alhaji ba ya cin kuɗin mutum. Amma banki ba ya jin baki, takarda yake ji. Ki kawo mini rasit ɗin da aka ba shi duk lokacin da ya biya."

Da na tambayi Baba, sai ya ce, "Waɗannan 'yan takardun? Ai uwarki na ba, na ce ta hura wuta."

Allah ya yafe mini, ranar na yi wa iyayena wa'azin boko son raina. Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Da na gaji na yi shiru, ta karkaɗe hannunta, ta shiga ɗaki, ta jawo wani babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.

"Wa zai ƙona rubutu?" in ji ta. "In da sunan Allah a ciki fa?"

Inna ba ta iya karatu ba, don haka duk takardar da ta ga rubutu a kanta sai ta tsince ta adana. Na yi shekaru ina tsokanarta a kan wannan hali. A cikin gwangwanin akwai katin asibiti, da takardun jarrabawata na firamare, har da takardar sabulu. A can ƙasa kuma ga rasitan Baba, duka, da hatimin banki raɗau. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Akantan nan, Allah ya saka masa, shi ya nuna mini hanya. Ya ce in nemi bayanin asusun tun daga farko. Da muka jera shi da rasitan, sai ga shi ƙarara an gama biyan bashin, duk abin da ya biyo baya caji ne, wani ma sau biyu aka cire shi. Wasiƙa uku na rubuta zuwa babban ofishinsu, ina zarya bayan an tashi daga makaranta. Bayan wata biyu suka soke cajin, suka mayar wa Baba ɗan abin da ya rage a asusun, suka cire sunansa, suka ba mu wasiƙar wanke shi.

Na karanta masa ita ina murna. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Arɗo ya iya karanta wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "To, ki faɗa wa manaja mun yi masa irin tasa. Saura ya yi mini irin tawa."

Ranar kasuwa manajan ya zo da kwat ɗinsa, yana ɗage ƙafar wando yana tsallake kashin shanu. A gaban dillalai da Fulani ya kama hannun Baba ya ce, "Alhaji, banki ba ya binka ko kwabo. Kuskurenmu ne." Mako na zagayowa muka ji kukan shanu a ƙofar gida. Arɗo ya yi sallama ya ce, "Alhaji, a ba su ruwa," kamar jiya ya tafi. Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Yau ba Baba, ba Inna, amma gwangwanin yana ɗakina, wasiƙar bankin tana ciki. Abin da na koya shi ne in rufe kowace magana yadda mutanen wurin suke rufe ta: a banki in nemi takarda, a kasuwa in miƙa hannu a gaban shaidu. Na kuma daina raina dabarar wanda bai yi boko ba, tunda duk karatuna, matar da ba ta iya karanta ko sunanta ba ce ta ceci sunan Baba.