Ciyaman na Saman Bene

Farkon sanina da shi a kan matakalar bene ne. Ina zaune da waya a hannu, in nesanta ta in kusanto ta, ina so in karanta saƙon 'yata, haruffan sun cakuɗe kamar tururuwa. Ya sauko da bokiti, ya gaishe ni ya wuce, sai kuma ya dawo.

"Inna, kawo in gani."

Ya danna nan ya danna can, ya miƙo mini. Sai ga rubutu manya-manya. Na fara ba shi haƙuri cewa idona ne ya tafi tun rasuwar maigidana, ya tari numfashina. "Idonki lafiya lau. Masu ƙera wayar ne yara, sun ɗauka kowa sa'ansu ne." Bai ma tsaya na gama godiya ba.

A sama suke haya, ɗaki ciki da falo, shi da matarsa mai koyarwa a firamare, wadda muke kira Malama. Ni ina ƙasa, jikin shagon tela. Telan ne ya raɗa masa Ciyaman, da ya ji wai ya ajiye aikin ofis ya buɗe kamfani. Kamfanin kuwa tebur ne a kusurwar falo, da kwamfuta mai tsagaggen murfi, da fanka da aka ɗaure mata wuya da igiya.

"Ciyaman! Yau ma ma'aikata ba su zo ba?"

"Suna hutu."

"Kai, wannan hutu nasu ko ni ina so."

Ciyaman auta ne a gidansu. Ya taɓa gaya mini yana yaro ba wanda ya kai shi shan duka a kan aike. A lissafa masa abin da zai sayo, ya dawo da guda, shi ma ba wanda aka ce ba. Ya ce ba wai mantuwa ba ce. Idan abubuwa suka taru masa a ka, sai ya tsaya cak kamar motar da ta mutu a tsakiyar titi. Da ya girma ya koyi aikin kwamfuta, sai ya gane ashe irinsa suna da yawa, kunya ce kawai ke hana su faɗa.

Don su ya yi wata manhajar waya, ya sa mata suna Ɗaya-Ɗaya. Ka zuba mata duk ayyukan da ke gabanka, ita kuma ta ɓoye su, ta nuna maka guda. Ka gama ka taɓa, ta kawo na gaba. Iyakarta ke nan. A wayata ya fara gwada ta.

"In Inna ta iya, kowa ma zai iya."

Na ce, "Au, wato ni ce ma'aunin rashin ganewa?" Ya yi dariya har da dafa bango.

A lokacin ina cikin wani hali da ko wanki na tuna sai in ji kamar an aza mini dutse a ƙirji. In na idar da sallar asuba sai in buɗe, in ga an rubuta "share ɗaki", ba komai a gefensa. Sai in tashi in share. Da haka na dawo cikin mutane, kuma Allah ne shaidata ban ƙara gishiri ba.

Malama ce ke riƙe da gidan da albashinta, ga ta da juna biyu. Yayansa mai shagon kayan gini kuwa duk zuwan da zai yi sai ya ce ƙato da lafiyarsa ya zauna yana wasa da waya. A gabana suka yanke magana: in Malama ta sauka abin bai tsaya da ƙafarsa ba, Ciyaman zai tattara ya koma shagon Yaya. Ya amsa da sauri, irin amsar wanda bai taɓa kawo wa ransa zai faɗi ba.

Da farko kamar an buɗe masa ƙofa. Ɗalibai suka sauke manhajar a wayoyinsu, da ma'aikatan jinya, da direbobi. Wata mai gasa burodi daga wani gari mai nisa ta rubuto tana sa masa albarka, ya sauko ba takalmi ya karanta mini. Har tela ya sauke, ya yi 'yan makonni bai saɓa wa kowa alkawarin ɗinki ba, abin da unguwa ba ta taɓa gani ba. Wasu suka fara biyan kuɗin wata. Malama ta dawo da dariyarta.

Amma bawan Allah nan bai iya cewa a'a ba. Ban ga wani aibi a tare da shi ba bayan wannan, kuma shi ya cinye shi. Duk wanda ya rubuto, da kansa yake amsawa: "Mun gode, za mu duba." Na tambaye shi "mu" ɗin su wa da wa ne, ya ce shi da fanka. Kuma fa sai ya duba. Wannan ya ce a sa launuka, ya sa. Wancan ya ce yana son ganin ayyukan mako gaba ɗaya, ya yi masa. Wata ta ce a sa ƙararrawa, wani ya ce a sa wurin hira da abokai. Malama ta ce masa, "Kai fa ba tela ba ne da za ka auna kowa ka ɗinka masa tasa." Ya ce mutumin da ya ɓata lokacinsa ya rubuto maka, ai ba ka mayar da shi hannu banza ba.

Ana haka wani mai kamfanin jigilar kaya ya kira shi. Ya ce zai sa duk ma'aikatansa a ciki, in dai za a yi yadda shugaba zai riƙa ganin aikin kowa, da lokacin da ya fara, da rahoton ƙarshen mako. Ciyaman ya rufe kansa watanni. Sai dai in ji ƙarar kujerarsa a saman kaina. Ya rame, ya bar gemu, abinci ya huce a gabansa.

"Ka sa shi ya sa hannu a takarda tukuna," in ji Malama.

"Mutumin kirki ne. Ƙanena yake ce mini."

"Yayanka na jini ma me ya tsinana maka, balle na waya?"

Ranar da ya sabunta mana manhajar, na buɗe na ga kasuwa. Layuka, launuka, wasu zane-zane masu hawa da sauka. Wayata ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Na ce, "Ciyaman, na shiga na rasa inda aikina yake." Ya sosa gemu, can fuskarsa ta washe. "Zan ƙara miki wani maɓalli da zai kai ki wurin kai tsaye." Ya hau bene da gudu yana murna ya samo magani.

Mai jigilar kaya ya daina ɗaga waya. Daga baya sakatariyarsa ta ce sun samu wata ta wani babban kamfani, kyauta. Ko sannu babu. Mutanen farko kuwa ba su yi faɗa ba, ba su yi sallama ba, zamewa kawai suka yi, don ƙananan wayoyinsu ba sa iya ɗaukarta. Abin da har yau yake tsaya mini a wuya, waɗanda suka fi kowa roƙo su suka fi kowa zagi. Wanda ya nemi launuka shi ya rubuta a bainar jama'a cewa manhajar ta cika hayaniya. Ciyaman ya amsa masa, "Mun gode, za mu duba."

Ya yi niyyar rushe ƙarin ya mayar da ita yadda take, lokaci ne bai jira shi ba. Malama ta sauka, 'ya mace. Yaya ya zo barka, ya ɗauki jaririya ya yi mata addu'a, bai ko mayar da ita hannun uwarta ba ya juyo.

"To Ciyaman, an rufe kamfani ko? Gobe ka fito da wuri, akwai motar siminti."

Ba wanda ya yi dariya, har tela da ke tsaye bakin ƙofa.

Yanzu shi ke tsayawa a kan masu lodi. Na taɓa bi ta wurin na hango shi, gashinsa fari fat da ƙurar siminti, Yaya na ƙwala masa kira ta nan, mai saye na jan rigarsa ta can, shi kuma ya tsaya cak a tsakiya. Na ja mayafina na sauya hanya, don kada ya san na gan shi.

Sun koma wani ɗaki a bayan shagon. Ranar da suka kwashe kaya ya tsaya a ƙofata, kwamfutar a hammata. Ya ce bai kashe manhajar ba, ya bar ta a kunne. Ya ce akwai wani shafi da ke nuna masa yawan waɗanda suka buɗe ta a rana, kuma ya kasa daina leƙawa.

"Inna, wata alfarma nake nema. Kada ki goge ta. Ba sai kin yi komai a ciki ba, na san ta yi nauyi. Ki dai riƙa buɗewa da safe, ko da za ki rufe nan take. In na duba, kada in tarar ba kowa."